"Umma, ba na so": abin da ya kamata ku sani game da ƙaramin yaro da ganye

Lokacin da autata ta cika shekara uku, akwai aikin da ta fi kowa ƙwarewa a kansa a gidanmu, wato tsince ganye daga abinci. In na yi dambu na zuba mata, sai ta tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ta sa yatsu biyu tana zaro zogalen ɗaya bayan ɗaya, tana jera shi a bakin faranti kamar mai shanya. Ko ɗan kore ƙanƙani ne ya maƙale a jikin tsaki, sai ta gano shi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, yarinyar nan ce dai wadda tana wata goma take wangale baki ta karɓi faten kabewa da alayyahu, har ta riƙe cokalin ta ƙi saki. Yanzu kuwa tun daga nesa, kafin abu ya taɓa harshenta, za ta kawar da kai ta ce, "Umma, ba na so."

Na san ba gidana kaɗai ba ne. A gidan suna, a gidan biki, a bakin makarantar nazare inda iyaye mata ke jiran a tashi yara, ƙorafin ɗaya ne: ba ya cin komai sai farar shinkafa da mai, sai indomi, sai shayi da burodi. Wata ta ce sammu aka yi wa cikin yaron, wata ta ce sangarta ce, wata ta ce kakarsa ce ta lalata shi. Yawancin lokaci babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wani mataki ne na girma wanda masana tarbiyyar yara da abinci suka daɗe da sani, suna kiransa tsoron sabon abinci. Yakan fara bayyana wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ya yi ƙarfi tsakanin shekara biyu da shida, sannan ya riƙa sassautawa. Kuma ganye da kayan lambu ne suka fi shan wannan ƙiyayya.

Akwai dalili. Jaririn da ke goye ba ya cin komai sai abin da uwa ta sa masa a baki. Amma da zarar ƙafarsa ta yi ƙwari ya fara fita zaure, ya bi yayyensa bayan gida ko bakin gona, hannunsa zai iya kaiwa ga kowane irin tsiro, har da irin su zaƙami da tumfafiya. Masana da dama na ganin wannan ƙyamar abin da bai sani ba kariya ce da aka halicci yaro da ita a daidai shekarun da ya fi buƙatarta. An haifi ɗan Adam da son zaƙi, nonon uwa ma da zaƙinsa, kuma an haife shi da gudun ɗaci, domin tsirrai masu dafi da yawa ɗaci gare su. To, zogale da shuwaka da gauta da kabeji duk suna da nasu ɗan ɗacin ko bauri, kuma harshen yaro ya fi na babba saurin jinsa. Abin da ke kike ji kamar ɗan armashi ne a miya, shi a bakinsa kamar maɗaci yake.

Yara ma ba ɗaya suke ba a nan. A shekarar 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox yana aiki da wata hoda, sai ƙurarta ta tashi, abokin aikinsa ya yi ƙorafin ɗaci ya cika masa baki, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Daga nan aka gano cewa akwai nau'in ɗacin da wasu ke ji sosai, wasu kuma sam ba sa ji, kuma gadonsa ake yi. Dangin wannan sinadari yana cikin kabeji da 'yan uwansa. Wani babban bincike da aka yi kan tagwaye a Ingila, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa kusan kashi 78 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara wajen tsoron sabon abinci daga gado yake. Shi ya sa za ki ga 'ya'ya biyu ciki ɗaya, tukunya ɗaya, wannan yana lashe kwanon miyar taushe, wancan yana kuka in ya ga kore. Ina faɗin wannan ne don uwar da ke zargin kanta ta sauke nauyin daga zuciyarta. Gado ne ke sa wani yaron ya fi wani tsoro, amma yadda aka bi da shi ne ke nuna ko tsoron zai wuce da wuri ko zai zauna.

Wani abu kuma da ke tayar wa iyaye hankali a banza shi ne raguwar ci. A shekararsa ta farko jariri kan ninka nauyin da aka haife shi da shi har sau uku. Bayan ya shekara biyu kuwa, abin da yake ƙarawa a shekara guda bai fi kilo biyu zuwa biyu da rabi ba. Jikin da ya rage saurin girma dole ya rage neman abinci. Yaron da ya ci da yawa yau ya yi tsakure gobe, muddin yana wasa, yana barci, awonsa na tafiya daidai, lafiyarsa ƙalau.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne ma'anar wannan "ba na so" ɗin. A bakin ɗan shekara uku, sau da yawa abin da yake nufi shi ne "ban san shi ba tukuna." Maganin rashin sani kuwa sabo ne. Wata masaniyar halayyar yara 'yar Amurka, Leann Birch, ta shafe shekaru tana nazarin yadda ƙananan yara ke koyon son abinci. A 1982 ita da abokiyar aikinta suka nuna cewa 'yan shekara biyu na ƙara son abincin da ba su sani ba gwargwadon yawan lokutan da aka ba su shi suka ɗanɗana. A 1987 kuma ta gano cewa kallo kaɗai ba ya wadatarwa: in yaro ya yi ta ganin abu zai saba da kamanninsa, amma son ɗanɗanonsa sai harshe ya taɓa. Bincike iri-iri da suka biyo baya sun tsaya a kan cewa yaro kan buƙaci ɗanɗana abu sau takwas zuwa goma sha biyar kafin ya karɓe shi. Mu kuwa iyaye, in mun gwada sau uku ko huɗu ya ƙi, sai mu yanke hukunci mu ce ai wane ba ya cin alayyahu, mu daina sa masa, har mu riƙa faɗa wa baƙi a gabansa. Shi ma sai ya riƙe hakan a matsayin halinsa.

An gwada wannan a cikin gidaje, ba a ɗakin bincike kaɗai ba. A 2003 Farfesa Jane Wardle ta wata jami'a a Landan ta wallafa sakamakon gwajin da suka yi da iyaye 156 masu 'ya'ya 'yan shekara biyu zuwa shida. Aka zaɓi wani kayan lambu da kowane yaro ba ya so. Wasu iyayen aka ce su riƙa ba shi ɗan yanki ya ɗanɗana kullum har kwana 14. Wasu aka ba su takardar bayani kan amfanin kayan lambu kawai. Wasu ba a ce musu komai ba. Bayan mako biyu, yaran da aka riƙa ba su ɗanɗano kullum su ne suka fi ƙara son abin da kuma cinsa. Bayanin amfani shi kaɗai bai kai wannan ba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin ban taɓa ganin ɗan shekara huɗu da ya ci karas saboda an ce masa yana gyara ido ba.

Yadda ake yi ba shi da wuya kuma ba ya cin kuɗi. Zaɓi abu ɗaya, kada ki haɗa uku. Ki fara da mai sauƙi, irin dafaffen karas ko kabewa masu ɗan zaƙi, ki bar gauta da shuwaka zuwa gaba. Ki sa masa ɗan kaɗan, kamar girman farcen babban yatsanki, a gefen abincin da ya riga ya sani yake so. Tulin ganye a faranti tsoro yake ba yaro, ɗan mitsitsi kuwa yana ganin zai iya. Ki ci naki a gabansa, ki ce, "Ɗan taɓa ka ji." In ya lasa ya ajiye, an ci riba. In ya sa a baki ya tofar, ki ba shi inda zai tofar ba tare da tsawa ba, domin yaron da ya san yana da damar fitarwa ya fi yarda ya saka. In ya ƙi sam, ki ɗauke ba faɗa ba ɓacin rai, gobe ko jibi ki sake. Asarar ba ta wuce yanki ɗaya ba.

Inda muka fi yin kuskure shi ne tilas. Da yawanmu da ɗura aka rene mu: a kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwa, a toshe hanci, in ya buɗe baki neman numfashi a kwarara koko. Iyayenmu sun yi haka ne don tsoron kada yunwa ta kama mu, ba don mugunta ba. Amma ɗura na da haɗari na gaske, domin abincin na iya bin hanyar iska ya shiga huhu, ya shaƙe yaro ko ya jawo masa ciwon huhu. Da yaro ya girma ɗurar kan canja kama, ta koma bulala a gefen kwano, ko "wallahi ba ka tashi sai ka cinye", ko "bari Abbanku ya dawo", ko a kira masa dodo. A 2006 Birch da abokan aikinta suka gwada wannan a kan 'yan nazare da miya iri biyu, ɗaya ana matsa musu su shanye, ɗaya an ƙyale su. Yaran sun fi shan miya in ba a matsa musu ba, kuma wadda ake matsa musu a kanta ita suka fi kushewa. Ku tambayi manya da ke kusa da ku abincin da har yau ba sa iya ci. Sau da yawa za ku ji labarin ranar da aka tsare su a kansa suna kuka.

Wata ƙwararriya kan abincin yara a Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu, kuma rabon nata ya sauƙaƙa min rayuwa. Na iyaye shi ne su zaɓi abin da za a ci, da lokacin ci, da inda za a ci. Na yaro shi ne ko zai ci, da kuma yawan da zai ci. Wannan ba sakaci ba ne. Ke ce mai tukunya, ba za ki tashi ki dafa masa indomi don ya ƙi tuwo ba. Amma cikinsa nasa ne, shi ya san ya ƙoshi. Dabarar ita ce a kowane ci a samu aƙalla abu ɗaya da kin san yana ci, don kada ya tashi da yunwa, sabon abin kuma yana gefe yana jiran ranarsa.

Mu Musulmi muna da abin koyi a nan tun kafin waɗannan bincike. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Akwai kuma labarin Anas ɗan Malik, wanda ya fara yi masa hidima yana ɗan shekara goma. Wani maɗinki ya gayyaci Annabi cin abinci, Anas ya raka shi, aka kawo gurasar sha'ir da romo mai busasshen nama da dubba'u, wato dangin kabewa da duma. Anas ya ga Annabi yana bin gefen akushi yana tsintar dubba'un, kuma ya ba da labari cewa tun daga ranar bai daina son ta ba. Ba wanda ya ce masa ya ci. Ya ga wanda yake ƙauna yana ci da marmari ne kawai.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In maigida yana ture ganye gefe yana cewa shi ba akuya ba ne, ko yayar yaro tana yatsina fuska in an yi miyar kuɓewa, duk wa'azin uwa ba zai yi tasiri ba. Iyaye maza, wannan naku ne musamman, domin a gidaje da yawa ana kai muku abinci ɗaki ku ci ku kaɗai, yaro bai taɓa ganin abin da kuke ci ba. Ko sau biyu a mako ku kira shi ku ce, "Zo mu ci kwaɗon nan tare." Loma daga kwanon Abba tana da wata daraja da ta kwanon yara ba ta da ita.

Tsara ma suna da nasu ƙarfin. A 1980 Birch ta zaunar da yaron da ya fi son wani kayan lambu tare da yara uku ko huɗu da suka fi son wani daban, a teburin cin abincin makaranta. Cikin kwana huɗu yara da yawa suka koma zaɓar abin da abokan zamansu ke zaɓa, kuma ƙananan cikinsu sun fi saurin bi. Mu da muke tara yara a tire ɗaya mun riga mun mallaki wannan dabara. Sau nawa kika ga ɗanki ya ƙi abinci a gida, ya je maƙwabta ya cinye irinsa tas? Sai dai tire ɗaya na da nasa aibin: manya kan yi wa ƙarami wawaso, kuma ba za ki san ko ya ci ba. Gara a zauna tare a tabarma ɗaya, amma ƙaramin da ɗan kwanonsa.

Wani lokacin kuma laifin ba na ganyen ba ne, na girkin ne. Na daɗe ina cewa autata ba ta son miyar alayyahu, sai ranar da surukata ta zo ta ɗanɗana ta ce, "Ke 'yar nan, wannan attaruhun ko ni ya ishe ni, bare kishiyata." Tun daga ranar nake ɗebe na yara kafin in zuba yaji. Akwai kuma yadda abu yake a baki. Tsinken zogale da ba a tsince da kyau ba yana soke dasashi. Alayyahun da ba a wanke ƙasarsa ba, garas ɗaya ya isa yaro ya tsane shi wata guda. Wani yaron yauƙi ne ba ya so, amma zai ci kuɓewar in an yanka ta an soya. Wani ba ya son lugub ɗin dafaffen kabeji, amma zai ci wanda aka yanka siriri aka ɗan turara. Kafin ki ce ba ya cin abu, ki gwada shi ta fuska biyu ko uku.

Kakanninmu da suka ƙirƙiro kwaɗo sun san abin da suke yi. Gishiri yana danne ɗaci, mai da ƙuli-ƙuli suna lulluɓe harshe, ɗan tsamin tumatir ko lemon tsami yana kashe bauri. Shi ya sa yaron da ba zai kalli dafaffen zogale ko rama ko tafasa tsura ba zai iya karɓarsu in an kwaɗanta. A Nijar ma haka ake cin zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Man yana da wani amfanin kuma: sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ke cikin koren ganye da karas da kabewa, sai da maiƙo hanji ke iya tsotse shi da kyau. Ita kuwa kanwa da muke jefawa don ganye ya yi laushi ya tsaya kore, tana lalata wasu bitamin, musamman bitamin C, haka ma doguwar dahuwa. A rage ta, a kuma sauke ganye da wuri.

Babban abokin gabar ganye a gidajenmu yanzu shi ne shagon ƙofar gida. Cikin ɗan shekara uku ɗan ƙarami ne. In ya sha lemon roba da biskit da alawa ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe ɗaya ba shi da wurin sa komai, kuma harshen da ya saba da wannan zaƙin zai ji karas salam. Kowa ya shigo gidan yana miƙa masa naira hamsin ko ɗari don ƙauna, kawu da gwaggo da maƙwabta, shi kuma ya san hanyar shago. A yi ƙoƙari a bar tazarar awa biyu tsakanin kayan ƙwalama da abinci, ruwa kawai a tsakani. Lokacin da kike girki yana zagaye ki yana cewa yunwa yake ji, wannan ne lokacin miƙa masa yankan kokwamba ko tumatir ko dafaffen karas. Masu bincike a wata jami'a a jihar Pennsylvania ta Amurka sun nuna a 2010 cewa ba wa 'yan nazare karas kafin a kawo babban abinci yana ƙara yawan kayan lambun da suke ci a wannan zama.

Sai batun lada. "Cinye ganyen nan in ba ka alawa" yana aiki yau, amma abin da yaro ke koya shi ne alawa ce abin so, ganye kuwa wahalar da ake sha kafin a same ta. Ladan da ba na ci ba daban ne. A wani gwaji da aka yi a makarantun Landan, wanda aka wallafa a 2011, yara 'yan shekara huɗu zuwa shida da aka riƙa ba su 'yar sitika ko yabo in sun ɗanɗana kayan lambun da ba sa so, har kwana 12, sun ci gaba da cinsa da yawa bayan wata uku, alhali an daina ba su komai. Yabo ba ya cin ko sisi: "Iye, yarinyata ta ɗanɗana, bari Abba ya dawo in gaya masa." A yabi ɗanɗanawar, ba cinyewar ba.

Ɓoye ganye a cikin abinci, kamar a niƙa karas da kabewa a miyar tumatir ko a yanka alayyahu ƙanana a faten wake, yana sa abin ya shiga jiki, kuma ni ma ina yi. Amma ba ya koya wa yaro son abin, tunda bai san ya ci ba. A yi duka biyun, na ɓoye a tukunya, na fili a gefen faranti. Kuma in ya tambaya me ke ciki, a gaya masa gaskiya.

Abin da ya fi yi min aiki da autata shi ne sa ta aiki. In na sayo zogale sai in baje a faifai in ce ta zo ta taya ni tsinka. Tana ɓata rabi, amma hannunta na taɓa ganyen, hancinta na jin ƙamshinsa, kuma da aka kawo dambun sai ta ce wa yayyenta ita ta dafa. Muka kuma cika wani tsohon bokiti da ƙasa da taki muka watsa irin alayyahu, aka ba ta aikin ban-ruwa da ɗan kofinta. Alayyahu ba ya ɓata lokaci, cikin 'yan kwanaki ya tsiro, wajen wata guda ya isa yanka. Ranar da muka yanka, ita ta riƙe kwanon, kuma a daren ta ci loma uku ba wanda ya roƙe ta.

Me ya sa za a sha duk wannan wahalar? Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar ya kamata ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. Lemo ɗaya matsakaici, karas ɗaya, da ludayin dafaffen ganye sun kai wajen haka. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Ƙarancin bitamin A yana kawo dundumi, yana kuma raunana garkuwar jiki har kyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa, shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar shi a baki duk bayan wata shida. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki na da hannu a ciki, amma abinci ma na da nasa kason. Ganye shi kaɗai ba zai maye gurbin wake da ƙwai da kifi da hanta ba, sai dai yana taimakawa, musamman in an haɗa shi da mai tsami irin tumatir ko lemo, aka kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin da ke gina jini. Kuma ba sai an nemi kayan kanti masu tsada ba. Kuka da kuɓewa da karkashi da lalo da yakuwa duk kayan lambu ne. Yaron da ke cin tuwo da miyar kuka ya riga ya fara, ƙari ake nema.

A kula da abu biyu. Ɗanyen karas mai tauri, yalo guda, da gyaɗa ƙwaya suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba, saboda haka a dafa, ko a goga, ko a yanka siriri a tsaye, kuma ya ci a zaune, ba yana gudu ba. Sannan wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa. Duk abin da za a ci ɗanye, irin latas da kabeji da tumatir, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, wanda ake iya ferewa a fere, in ana shakka kuma a dafa.

Mai ciki da mai shayarwa na iya fara aikin tun kafin yaro ya san faranti. Julie Mennella, wata mai bincike a birnin Philadelphia, ta nuna a 2001 cewa jariran da iyayensu mata suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen ciki ko farkon shayarwa ba su cika yatsina fuska ba da aka fara ba su kunu mai ɗanɗanon karas. Ƙamshin abin da uwa ke ci yana ratsawa cikin ruwan mahaifa da nono.

Akwai lokacin da ƙin abinci ya wuce na girma, ya zama na asibiti. In yaro yana ramewa ko awonsa ya tsaya, in tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, in ƙafafunsa sun kumbura, in yana cin ƙasa, in ba ya gani da magariba, in yana ƙwarewa ko amai duk lokacin da ya ci mai ɗan tauri, ko abincin da yake yarda da shi bai wuce 'yan ƙalilan ba kuma kullum raguwa suke yi, a kai shi a duba. Ma'aikatan lafiya na da wani ɗan tef da suke auna damtsen yaro da shi, in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani da ke buƙatar magani nan take. In kuma wani abinci na sa masa ƙuraje ko kumburin leɓe ko wahalar numfashi, wannan ba a maimaita shi, likita ake gani. Ina kuma roƙon iyaye su daina sayen maganin sa cin abinci a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sa barci da kasala, kuma ba sa koya wa yaro son komai.

Autata yanzu ta shiga shekara shida. Tana cin dambu da zogalensa, tana cin kwaɗon rama, kabeji kuwa sai an hana ta. Miyar kuɓewa ɗanya ta ɗauke mu kusan shekara guda. Gauta har yau ba ta karɓa ba. Jiya da yamma na yanka mata ɗan siriri na ajiye a gefen farantinta, ta ɗauka ta shinshina, ta ɗan gatsa gefe, ta mayar ta ce, "Umma, da ɗaci, amma ba sosai ba." Na ɗauke sauran na ci, na ce mata akwai wani a kwando, sai jibi.